Zaman ɗinkinmu ya watse, yaya za mu tashe shi?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya. Ta ce su goma sha huɗu ne matan unguwarsu da suka fara haɗuwa duk Asabar a gidan ɗaya daga cikinsu, akwai masu ɗinkin hula, da masu zanen gado, da masu saƙar kwarashi, don sha'awa da ɗebe kewa kawai. Ba a rufa wata biyar ba suka koma su uku. Waɗanda suka ƙware ba sa son nuna yadda suke yi, masu koyo kuma sun ce abin ya fi ƙarfinsu. Ga shi kuma wata a cikinsu ta ga Turawa a waya suna saƙa leshi da hannu, tana tambaya ko abu ne da za su iya koya.

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Sau biyu na karanta saƙonki, domin abin da kika faɗa na sha ganinsa. Na haura shekara talatin allura na hannuna, na koyar da 'yan mata a aji, na koyar da matan aure a tsakar gida, kuma zaman da ya watse a gabana ya fi ɗaya. Kada ki raina mutum ukun nan da suka rage. Duk wadda ta jure wata biyar tana zuwa, son abin ne ya kawo ta, kuma da irinsu ake tayar da zama.

Bari in fara da masu koyo, domin su ne suka fi ba ni tausayi. Ban ga zamanku ba, amma ina da yaƙinin abin da ya faru: yarinya ta zo da zumuɗi, ta ce hula take so ta ɗinka wa mijinta ko babanta, aka saya mata hula mai zane cike, irin su zanna bukar ko ƙube, aka miƙa mata allura. Hular da ƙwararriya ke shafe makonni a kanta, tana yi safe da yamma, ita aka ɗora wa wadda ba ta san ko tsawon zaren da za ta yanka ba. Sati uku tana fama ba ta ci faɗin tafin hannu ba, inda ta ɗinka ya tattare, farin ƙyallen ya yi dauɗa, ta duba na maƙwabciyarta ta ga kamar da inji aka yi. Ranar da ta cusa hular a ƙarƙashin katifa, ranar ta bar zamanku, ko da ta ƙara zuwa sau ɗaya ko biyu don kunya.

Mai koyo tana bukatar ta gama wani abu, ta riƙe shi a hannu, ta kai gida. Saboda haka aikin farko ya zama wanda zai ƙare a zama biyu, in ya yi tsawo uku: hankici mai fure ɗaya a kusurwa, bakin rigar matashi, ko safar jariri in kwarashi take so. Ni nakan fara da yanki na farin yadi mai ɗan kauri, kamar faɗin littafin rubutu, in ja layi biyar da fensir. Layin farko ɗinki miƙaƙƙe, na biyu ɗinkin komawa baya, na uku sarƙa, na huɗu cike, na biyar irin wanda ake zagaye ramin maɓalli da shi. Wadda ta mallaki waɗannan biyar ta mallaki mafi yawan abin da ke jikin hula da riga da zanen gado. Saura duk haɗa su ne da juya su.

Akwai ƙananan abubuwa da ƙwararru suka manta cewa koya musu aka yi, shi ya sa ba sa faɗa. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, domin dogon zare yana sarƙewa, kuma yawan ratsa ƙyalle yana cinye ƙyallinsa. Zaren nan mai sili shida, irin na DMC ko Anchor da masu kwaikwayonsu, ba a ɗinki da shi a dunƙule: a zaro sili ɗaya-ɗaya, sannan a haɗa biyu ko uku, sai ya kwanta lumui. Lambar allura in ta yi sama, allurar ta fi siriri. Yadi a wanke shi kafin a fara, don in zai shiga ya shiga tun babu aiki a kansa. Zare mai launi kuwa, musamman ja da shuɗi da baƙi, a jiƙa guntunsa a matse cikin farin ƙyalle. In ya bar alama, wannan zaren zai ɓata aikin wata guda a wanki ɗaya. Na taɓa ganin zanen gado da wata amarya ta yi wata huɗu a kansa, ɗawisu biyu suna fuskantar juna, wankin farko jan zaren ya zuba ya rine farin duka. Ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa, kuma ban ga laifinta ba. Gwajin da bai fi minti biyu ba ne da ya hana wannan, amma babu wanda ya gaya mata.

Yadda ake zama ma yana da tasiri. Mai koyarwa ta zauna gefen mai koyo, kafaɗa da kafaɗa, don ta ga hannun yadda nata zai kasance. In ta zauna a gabanta, komai a juye take ganinsa. Sai fa bahaguwa: ita a gabanki za ta zauna, ta bi hannunki kamar madubi. Kuma kada ki karɓe aikin daga hannunta ki yi mata rabi don ki nuna mata. Ki ɗauki naki ƙyallen, ki yi a hankali, ita ta yi a nata.

Yanzu maganar ƙarfafa gwiwa, wadda nake ganin nan ne muka fi yin kuskure. Mun ɗauka ƙarfafa gwiwa shi ne a ce "kai, ya yi kyau, masha Allah" a wuce. Mai koyo ba yarinyar goye ba ce, tana gani da idonta cewa layinta ya karkace. In kika yabi abin da ita kanta ta san bai yi ba, ta gane ba ki duba ba ne, ko kuma ba ki ɗauke ta da muhimmanci ba. A gidanmu a birnin Zariya, mahaifina, Allah ya jiƙansa, aikin babbar riga yake yi a zaure tare da almajiransa. In yaro ya kawo masa aiki ba ya fara duba fuska. Juyawa yake yi ya dubi bayan, ya bi shi da babban yatsa. In ya ji ƙulle-ƙulle da zaren da ya tsallaka daga wannan gida zuwa wancan, sai ya ce, "Nan ka yi sauri." In ya iske wuri mai kyau, ko da faɗin kwabo ne, sai ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Wannan hannunka ne. Saura su zama haka." Yaron zai koma ya farke rabin aikinsa yana murmushi, domin an nuna masa cewa ya iya, kuma an nuna masa daidai inda ya iya ɗin. Haka nake so ku riƙa yi. Ku nemo sukar allura mafi kyau a cikin aikin, ku nuna ta, sannan ku nuna wuri ɗaya tak da za a gyara. Ɗaya, ba biyar ba. Kuma ƙwararrun cikinku su riƙa farke nasu kuskuren a gaban kowa. Ranar da mai koyo ta ga Hajiya da ta shekara ashirin tana ɗinki ta sa tsinin allura tana warware layi guda ba tare da ɓacin rai ba, ranar za ta daina ganin farke ɗinki abin kunya ne.

Sai batun masu ɓoye zane. Ba zan zage su ba, kuma ke ma kada ki riƙe su a zuciya. Mata da yawa da wannan allurar suke sayen sabulu da man shafawa da littafin yara. Wadda ta ƙirƙiro sabon zanen hula ko wata irin saƙa ta shawul ɗin jariri, ta san in ta nuna yau, jibi wata za ta kai wa mai sayenta a rabin kuɗi. An yi mata ne, ko ta ga an yi wa wata. Tsoronta yana da dalili, kuma wa'azi ba zai cire shi ba, sai an yi ƙa'idar da za ta kare ta. A zaman da ya fi daɗewa a hannuna, abu uku muka yarda da su tun ranar farko, muka yi addu'a a kai. Duk zanen da mace ta ƙirƙiro, sunanta za a riƙa kiransa da shi, ko a bayan idonta. Ba mai yin sa don sayarwa sai Sallah ɗaya ta wuce, amma kowa na iya yi don gidanta ko don kyauta. Sannan ba mai zuwa wurin mai sayen wata ta karya mata farashi. Da aka yi haka, matar da ta fi kowa ɓoyo ita ce ta dawo tana zuwa da takardun zanenta cikin jaka, domin ta ga ana cewa "furen Maman wance" har a gidajen da ba ta taɓa shiga ba, kuma abin ya yi mata daɗi fiye da kuɗin da take tsoron rasawa.

Ki kuma tuna musu cewa babu wadda ta zo duniya da zane a hannu. Aska takwas, aska biyu, tambari, gidan biyar, dagi, malum-malum, duk gado ne da ya ratso hannuwa masu yawa. Dubi babbar riga guda ɗaya ta da: wata ce ta kaɗa zaren da mazari, masaƙi ya saƙa saƙi ko barage, maɗinki ya haɗa ƙwarya-ƙwaryar, mai zane ya zauna da alƙalami ya fitar da asake a kan aljihu da tambari a ƙirji da baya, masu aiki suka cike, sannan aka kai mabuga aka buge ta har ta yi sheƙi. Zaren tsamiya ma da ake wa manyan riguna aiki da shi, sai wani ya shiga daji ya ɗebo gidan tsutsar, an dafa shi da toka, an kaɗa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya riƙe iliminsa, riga ba ta fita. A Zariya aikin riga na maza ne a da, malamai da almajirai. Daga wajen shekarun 1970 zuwa 1980 mata suka shigo shi sosai, kuma a hannun mazaje da 'yan'uwa da maƙwabta suka koya, a cikin gida. Da mazan sun ce sirri ne, da lokacin da keken surfani ya janye samari aikin hannu ya bi su ya tafi. A 1994 wasu matan birnin suka haɗu a ƙungiyar da ake kira Queen Amina Embroiderers, suka ɗauki zanen riga suka sa shi a rigunan mata da jakunkuna da rigunan matashi, har aikinsu ya kai kasuwannin sana'ar hannu a Amurka. A Maiduguri kuma, matan da rikici ya raba da Bama da garuruwan kewayenta, da yawansu ɗinkin hula ne ya riƙe su a sansani, wadda ta iya tana koya wa wadda ba ta iya ba.

Akwai wani labari daga ƙasar masu leshin da nake so ki ba su. Burano wani ɗan tsibiri ne kusa da birnin Benis na Italiya, wanda ya yi suna da leshin allura shekaru aru-aru, har sana'ar ta dusashe ta kusa mutuwa. A 1872 aka yi wani sanyi mai tsanani da ya hana masuntan tsibirin fita, yunwa ta shigo, sai aka ce a farfaɗo da leshi don mata su samu abin yi. Da aka duba, tsohuwa ɗaya ce ta rage da ke tuna yadda ake yin ɗinkin, ana kiranta Cencia Scarpariola. Ita ta koya wa wata malamar makaranta, malamar ta koya wa 'yan mata, aka buɗe makarantar leshi a wannan shekarar. Ginin makarantar yanzu gidan tarihi ne. Duk lokacin da na tuna wannan labari sai in tuna tsofaffin unguwarmu, domin mu ma muna da irinta, sai dai mu babu mai zuwa ya tambaye su.

Wannan ne ya kawo ni ga shawarar da na fi so ku ɗauka. A unguwarku akwai tsohuwar da ta yi zanen gado na aurenta da hannunta, ko tsohon da ya yi aikin kamun ƙafa na wando ko wuyan riga kafin idonsa ya raunana. Ku je ku gaishe su, ku riƙe ɗan goro ko sabulu, ku roƙi a buɗe muku adaka. Za ku ga abubuwan da babu su a waya. Ku tambayi sunan kowane zane da kowace irin suka, domin sunayen suna bambanta daga gari zuwa gari, kuma su ne ke fara ɓacewa. Ku ɗauki hoton gaba da baya, kusa-kusa. Sannan ku tanadi farin yadi kamar yadi biyu ya zama na zaman gaba ɗaya: duk ɗinkin da aka koyo, wata ta yi misalinsa a jiki, faɗin akwatin ashana, a rubuta sunansa da sunan wadda aka koya a wurinta a cikin littafi. Hoto yana ɓata in waya ta lalace, kuma hoto ba ya nuna yadda zare ya bi ta ƙasa. Ƙyallen misali kuwa ana juya shi, ana shafa shi, ana ƙirga sukarsa. David Heathcote, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi masu zanen riga da hula da wando a shekarun 1970 yana tattara zanensu yana rubuta sunayensu. Abin da baƙo ya ga ya cancanci wannan wahala, bai kamata mu 'yan gida mu bar shi ya ruɓe a ƙasan adaka ba.

To, leshi. E, za ku iya, amma bari in warware wani ruɗani tukuna. Leshin da muke saya a Kantin Kwari mu ɗinka na biki, yawancinsa surfani ne na inji a kan yadi, ana huda shi ko a narkar da ƙasan a bar zaren. Asalin injin wani ɗan Suwizalan ne, Isaak Gröbli, ya ƙera shi a 1863, kuma garin Lustenau na Ostiriya tun shekarun 1960 yake yi wa 'yan Nijeriya irin wannan kaya, kafin na China da Koriya su cika kasuwa. Abin da 'yar'uwarku ta gani daban ne. Shi leshin hannu babu yadi a ƙarƙashinsa ko kaɗan, zare ne kawai ake sarƙawa har ya zama ƙyalle mai huji-huji. Ba a yin sa yadi biyar. Ana yin sa ne ɗan siriri, na bakin mayafi, ko wuyan riga, ko bakin hankici. Na garin Alanson a Faransa, wanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2010, faɗin santimita ɗaya tsawo da faɗi, wato kamar farcen ƙaramin yatsa, yana cin kimanin awa bakwai. Na faɗi wannan ne don kada wata ta sa rai za ta saƙa na fitar biki.

In wanda ta gani akwai matashi mai tauri da 'yan sanduna rututu suna reto, ana ta soka fil, wannan shi ne leshin sanduna, irin na Buruj a Beljiyam da Idrija a Sulobeniya, inda makarantarsa ke aiki tun 1876. Ganinsa yana ba da tsoro, amma motsi biyu ne kawai a cikinsa: a gicciye, a murɗa. Sanduna huɗu ake riƙewa a lokaci guda, komai yawansu. Kayan aikin ma ba sai an yi oda ba. Kafinta zai fere muku sanduna masu tsawon fensir da ɗan wuya inda zare zai naɗu, matashin kuma a cusa shi da garin katako a danne har sai fil ya tsaya cak. Da sanduna goma sha biyu ana fitar da siririn baki. Matsalarsa ita ce babu malama a kusa, kuma in zare ya rikice mai koyo ba ta san inda za ta koma ba. Saboda haka ban ba ku shawarar farawa da shi ba.

Ku fara da wanda hannunku ya riga ya sani. Masu kwarashin cikinku su ajiye zaren ulu na ɗan lokaci, su nemi siririn zaren auduga mai lamba 10 da ƙaramin kwarashin ƙarfe na milimita 1.5 ko 1.75. Sarƙa da ginshiƙin da suke yi wa hular jariri su ne dai, sai dai yanzu za su fito kamar raga. A zama biyu za a gama bakin hankici. Matan ƙasar Ailan da irin wannan saƙar suka ciyar da gidajensu a lokacin yunwar da ta faɗa musu daga 1845.

Masu hula da riga kuma, leshin allura naku ne, domin ginshiƙinsa shi ne ɗinkin bakin ramin maɓalli, wanda kuke zagaye 'yan hujin hula da na aljihun riga da shi. Ko sunan shabka da ake kiran wani aikin riga da shi, daga kalmar Larabci ta raga ya fito. Ga yadda za ku gwada. A zana ganye ɗaya mai tsawon yatsa a takarda mai ƙwari, a ɗinke takardar a kan ƙyalle ninki biyu. A kwantar da zare mai ɗan kauri, ninki biyu, a bi layin ganyen da shi, ana kama shi da ƙananan suka masu ratsa takarda da ƙyallen. Daga nan allura ba ta ƙara shiga takarda ba. A ɗaura siririn zare a gefe ɗaya na ganyen, a yi layin madaukai sakwa-sakwa zuwa ɗaya gefen, a dawo ana rataya kowane madauki a cikin na samansa, har ganyen ya cika. In an matse su ya fito a cike, in an tsallake ɗaya ya fito raga. Sai a bi gefen duka da ɗinki matsattse don ya yi ƙarfi. A ƙarshe a sa reza tsakanin ninki biyun ƙyallen a yanke sukar da ta kama zaren farko. Ganyen zai ɗago daga takarda ya zauna a tafin hannunki, zare zalla, haske na ratsa shi. Ranar da na fara nuna wannan a tsakar gida, wata dattijuwa da ta shekara arba'in tana hula ta karɓa ta ɗaga shi sama tana kallo, ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Ashe abin da nake yi ne, ƙyallen kawai aka cire." Allura marar tsini ta fi dacewa da cikon, don kada ta tsaga zaren.

Sauran abubuwan da ke kashe zama ƙanana ne, amma suna kashewa. Lokaci: ku zaɓi hantsi ko tsakanin azahar da la'asar, a inuwa mai haske, domin aikin fari a kan fari da fitilar waya yana gajiyar da ido ƙwarai. Wadda ta haura arba'in ta ga tana nisanta ƙyalle daga fuskarta, ta je a auna mata tabarau, ba abin kunya ba ne. Awa biyu ta isa, kuma a tashi kan lokaci, don kada maigida ya dawo ya tarar ba a ɗora tukunya ba, gobe ya hana. Kowa ta wanke hannu kafin ta taɓa aiki, tabon manja ba ya fita daga farin zare. Da hunturu yatsu kan yi kaushi su riƙa kama zare, sai a shafa man kaɗe da dare, ba dab da ɗinki ba. Aiki a naɗe shi cikin tsohon farin zane, kada a ɗaure a leda, gumi yana sa shi fumfuna da damina. Allura da fil a ƙirga su kafin a tashi, saboda yara masu rarrafe. Abinci kuma kada ya wuce ruwa da ɗan abin taɓawa bayan an naɗe aiki, domin da zarar mai masauki ta fara girki na gasa, wadda ba ta da hali za ta fara neman uzuri ranar da layi ya zo kanta.

Kuɗi ku yi hattara da shi. Ku ɗan riƙa tara abin da kowa za ta iya, a sayo zare da allura da yadi a sari, mai koyo ta samu na farawa kyauta. Amma kada ku haɗa zaman da adashe, kuma kada ku yi saurin mayar da shi kamfani. Na ga zaman da ya yi shekara biyu lafiya, aka karɓo kwangilar huluna daga wani ɗan kasuwa, cikin wata biyu aka daina koyarwa saboda kowa na sauri, aka fara ƙirga wa ta yi nawa, mai kwangilar kuma ya biya abin da bai kai kuɗin wahalar ido ba. Wadda take son sayarwa ta sayar da nata, ku taimaka mata da lissafi: kuɗin zare, kuɗin yadi, da kwanakin da ta yi. Zaman kansa ya tsaya a wurin koyo. Hira kuwa dole a yi ta, ita ce rabin daɗin abin, sai dai in ta gangara kan wadda ba ta nan, babbar cikinku ta ce, "Wance, mu ga inda kika kai."

Waɗanda suka tafi kada ki aika musu saƙon tara mutane. Zumunta a ƙafa take. Ki bi su gida ɗaya-ɗaya, ki ce wa mai koyo ta fito da hular nan da ta ɓoye, ba don a ci gaba da ita yanzu ba, a ajiye ta sai bayan wata shida. Ki ce wa ƙwararriya kina so ta koya muku abu ɗaya da ta zaɓa da kanta, kuma ki gaya mata ƙa'idojin nan uku kafin ta amsa. Sannan ku sa wa kanku aiki guda na tare mai ranar gamawa. In akwai mai ciki a unguwa, ku yi wa jaririn kaya kafin suna: wata hula, wata safa, wata shawul, masu koyo su yi bakin hankici, a kai da sunan zaman. Asabar mai zuwa ku ukun ku zo da farin yadi, da fensir, da takarda mai ƙwari, da reza sabuwa, ku gwada ganyen nan. In ya fito, ki ɗauke shi a tafin hannu ki shiga da shi gidan wadda ta yi tambayar leshin.